Lambobi biyu cikin shekara 44: tarihin Nijar a wasannin Olamfik da darasin da kokowa ke ba mu

Duk bayan shekara huɗu, idan wasannin Olamfik suka zagayo, tambaya ɗaya ce ke dawowa a fada da ɗakin malamai: me ya sa ƙasa kamar tamu, mai matasa birjik, take komawa gida hannu sake? Wasu su ce talauci ne. Wasu su ce laifin magabata ne. Wasu kuma su ce ai wasannin Turawa ne, ba ruwanmu da su, mu kokowa ta ishe mu. Ni malamin makaranta ne, kuma ina ganin kafin mu yanke hukunci ya kamata mu duba tarihin abin. Tarihin ba shi da tsawo. Nijar ta fara zuwa Olamfik a 1964, kuma daga lokacin zuwa wasannin Faris na 2024 lambobi biyu ta ciyo: tagulla a damben zamani a 1972, da azurfa a taekwondo a 2016. Tsakanin ta farko da ta biyu shekara 44 ne cif. Abin da nake so in nuna wa ƴan uwana malamai da uwayen yara shi ne, lambobin nan biyu ƙoƙarin mutum biyu ne ya kawo su, babu wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da ta kai su can. Kuma mun riga mun nuna wa kanmu cewa mun iya shimfiɗa irin wannan hanya, domin mun yi ta a kokowa.

Inda abin ya samo asali

Girkawan dauri ne suka fara waɗannan wasanni a wani wuri da ake kira Olimpiya, kuma masana tarihi suna lissafa farkonsu daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa. Gudu suke yi, da jifa, da dambe, da kokowa. Bayan an daɗe da barin su, wani Bafaranshe mai suna Pierre de Coubertin ya tara mutane a Faris a 1894 aka kafa kwamitin Olamfik na duniya, sannan aka yi wasannin farko na zamani a birnin Atan na ƙasar Girka a 1896. Abin da ya kamata malamai su sani game da Coubertin shi ne, damuwarsa ta farko tarbiyyar yara ce. Ya ziyarci makarantun Ingila, ya ga yadda suke haɗa karatu da wasa, ya so a yi haka a makarantun Faransa. Ke nan tun asali daga maganar makaranta aka haifi Olamfik.

A lokacin da ake waɗannan abubuwa, ƙasashenmu suna faɗawa hannun Turawan mulkin mallaka. Ɗan Afirka ta Yamma da ya yi fice a wasa a zamanin nan, da tutar Faransa ko ta Ingila ake ganin sa, ko kuma ba a ganin sa sam. Sai a 1960, shekarar da muka samu ƴancin kai, abubuwa suka fara sakewa. A wasannin birnin Rum na wannan shekara Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada ƙanin wani na kilomita 42 ba takalmi a ƙafarsa, kuma Clement Quartey na Gana ya samu azurfa a dambe. Sabbin ƙasashe suka lura cewa fagen wasa wuri ne da duniya ke ganin tutarka, har ta ji taken ƙasarka, ko da ba ka da masana'antu ko jiragen yaƙi.

Issaka Daboré: mutum ɗaya, tafiya uku

A 1964 aka kafa kwamitin Olamfik na Nijar, kuma a wannan shekarar ƙasar ta je wasannin Tokyo. Ɗan wasa ɗaya tal ta tura, ɗan dambe Issaka Daboré, haifaffen yammacin ƙasa, wanda aka haifa a 1940. Ya dawo ba lamba. Ya sake zuwa Meziko a 1968, nan ma bai samu ba. Wani da sai ya haƙura, domin shekarun ɗan dambe ba su da yawa. Shi kuwa ya koma karo na uku, a Munik ta Jamus ta Yamma a 1972, yana da shekara 32.

A ajin masu nauyin kilo 63 da rabi ya yi wasa. Ya doke abokan karawarsa har ya kai zagayen kusa da na ƙarshe, inda Angel Angelov na Bulgeriya ya yi galaba a kansa. A dokar damben Olamfik, duk mutum biyun da suka faɗi a wannan zagaye ana ba su tagulla, ba sai sun sake karawa ba. Haka aka ɗaga tutar Nijar a karon farko. Zinariyar ajin ta tafi ga Ray Seales na Amurka. A wasannin Munik ɗin nan Isaac Ikhouria na Najeriya da Prince Amartey na Gana su ma tagulla suka samu a dambe, abin da ke nuna cewa a lokacin dambe ne ƙofar da Afirka ta Yamma ke bi tana shiga jerin masu lamba. Dalilin a fili yake: dambe ba ya buƙatar babban fili ko kayan aiki masu tsada, kuma sojoji da ƴan sanda da gidajen matasa na manyan birane sun riƙe shi tun zamanin Turawa.

Duniya ba ta tuna Munik saboda dambe. Tana tuna ta ne saboda harin da aka kai masaukin ƴan wasan Isra'ila a ranar 5 ga Satumba, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 11 daga cikinsu, har aka dakatar da wasanni na wani ɗan lokaci. Lambar Daboré ta zo cikin wannan hayaniya. Ya rayu har zuwa Disamban 2021, kuma shekara 44 shi kaɗai ne ɗan Nijar mai lambar Olamfik. Na sha tambayar ƴan ajina ko sun san sunansa. Da ƙyar ake samun hannu ɗaya ko biyu a sama, alhali za su jero maka ƴan wasan Real Madrid da Barcelona tun daga mai tsaron gida har zuwa masu jiran canji.

Shekara goma sha biyu ƙofa a rufe

A ƙa'ida, lamba irin ta Daboré kan jawo yara su cika wuraren horo, daga cikinsu a samu magada. A Nijar abubuwa uku suka taru suka tare hanya.

Na farko shi ne fari da yunwar 1973 zuwa 1974, wadda ta ƙarar da dabbobi ta tarwatsa ƙauyuka. Gwamnatin da ke neman hatsin ciyar da jama'a ba ta da sukunin tunanin safar dambe. A cikin wannan hali ne sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilun 1974, Seyni Kountché ya hau mulki.

Na biyu shi ne ƙaurace wa wasannin Montreal na Kanada a 1976. Ƙungiyar wasan rugbi ta ƙasar New Zealand ta kai ziyarar wasa Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata, a shekarar da aka harbe ƴan makaranta a Soweto. Ƙasashen Afirka suka nemi a hana New Zealand shiga Olamfik, kwamitin duniya ya ƙi, sai ƙasashe fiye da 20 suka janye. Nijar ba ta yi wasa ba a wannan shekara.

Na uku shi ne Mosko a 1980. Bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afganistan a ƙarshen 1979, Amurka ta jagoranci wani ƙauracewar, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da ba su je ba. Sai a 1984, a Los Angeles, ƴan wasanmu suka sake taka fagen Olamfik.

A ra'ayina ƙauracewar 1976 tana bisa gaskiya, domin jinin yaran Soweto ya fi kowace lamba daraja, kuma matsin lambar da aka yi wa Afirka ta Kudu ta hanyar wasanni ya taimaka wajen karya wariya. Ta 1980 kuwa rigimar manyan ƙasashe ce, mu kuma muka biya kuɗinta. Ko ma dai yaya mutum ya kalli abin, a yi lissafi. Yaron da yake da shekara 18 lokacin da Daboré ya ci lamba, ya kai 30 kafin ƙofa ta sake buɗewa. Tsara guda ta ƴan wasa ta wuce ba ta samu damar gwada kanta ba.

Kokowa ta samu hanyarta

A daidai waɗannan shekaru ne kuma aka yi wani abu da ya kamata mu yi alfahari da shi. Kokowa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa. Bayan kaka, idan an gama girbi rumbuna sun cika, samarin gari sukan fita dandali da kiɗa da kirari, gari ya gayyaci gari, wanda ya kada ya yi suna har ƴan mata su sa shi a waƙa. Abin da gwamnatin Kountché ta yi shi ne ta ɗauki wannan al'ada ta ba ta tsari. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, kuma Yacouba Ango Kantou na Maraɗi ne ya zama sarki na farko. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jahohi, kowace jaha ta karɓi baƙuncin sauran idan lokacinta ya zo.

A duba yadda aka gina abin. Yaro yana fara kokowa a yashin unguwa, ba wanda ya saya masa komai. Idan ya yi ƙarfi, garinsu ya san shi. Daga nan sai zaɓen gunduma, sai na jaha, inda ake tace mutum goma da za su wakilce ta. Jahohi takwas, ƴan kokowa 80, takobi ɗaya. Akwai alƙalai da suka san doka, akwai masu horarwa waɗanda galibi tsoffin ƴan kokowa ne, akwai makaɗa da ƴan cali-cali masu sa dariya, akwai rediyo da talabijin da ke kai wasan har ƙauyen da ba lantarki, akwai attajirai da ƴan siyasa masu zuba kyauta. An gina filayen kokowa a manyan garuruwa aka sa musu sunayen gwarazan jiya: na Maraɗi sunan Kantou, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Yaron da ke kallon Issaka Issaka na Doso yana ɗaga takobi ya san mataki na farko da zai taka in yana son ya kai can, ya san na biyu, ya san na uku.

Ni ma kokowa ce wasan da na fi so, kuma ba na jin kunyar faɗi. In ana gasar takobi, ko a kasuwa ciniki yakan tsaya lokacin da manya za su kara. Amma abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne tsarin. Ƙasar da ake cewa ba ta da komai ta riƙe gasa ta ƙasa kusan shekara 50, duk da juye-juyen mulki da fari da tsadar rayuwa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar masu cewa talauci ne ya hana mu komai a fagen wasa.

Shekarun zuwa a dawo

Daga 1984 Nijar ba ta sake fashin zuwa ba, amma tawaga ce ƴar ƙarama kullum, mutum kaɗan ne a kowace tafiya. Yawancinsu ta wata ƙofa suke shiga, wadda kwamitin duniya ya buɗe don kada a bar ƙananan ƙasashe a baya: ƙasar da ba ta da wanda ya cika sharaɗin shiga a guje-guje ko ninƙaya, ana ba ta gurbi ta kawo wanda ya fi kowa a gida. Irin wannan ɗan wasa yakan yi zagaye ɗaya ya dawo. A 1996 a Atlanta aka samu mace ta farko da ta wakilci Nijar, Rachida Mahamane, a tseren mita 5000, tana yarinya ƙarama.

Wasannin Atlanta ɗin nan ba na mance su. Ina ɗan kolej a lokacin, muna cunkushe gaban talabijin ɗaya a ƙofar gidan wani maƙwabci, lokacin da Najeriya ta farke cin da Brazil ta yi mata ta doke ta 4 da 3, sannan ta doke Ajantina 3 da 2 ta ɗauki zinariya. Murnar da aka yi a unguwarmu sai ka ce Mena ce ta ci. Kanu da Okocha da Babangida sun zama namu a wannan dare, domin tsakaninmu da su iyaka ce kawai ta takarda. A wannan shekarar kuma Chioma Ajunwa ta ci wa Najeriya zinariya a dogon tsalle, sannan bayan shekara huɗu Kamaru ta ɗauki zinariyar ƙwallon ƙafa a Sidni. Murnar maƙwabci tana da daɗi, amma washegari tambayar tana nan: mu fa?

A Disamban 2005 Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na biyar. Shekara ce mai wuya, domin fari da farin ɗango na 2004 sun jawo ƙarancin abinci mai tsanani, musamman a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma mutane da yawa sun yi tambaya ko ya dace a kashe kuɗi kan biki alhali yara na kwance a cibiyoyin tamowa. An yi wasannin, an gyara filin wasa na Janar Seyni Kountché, an gina masaukin baƙi, kokowar gargajiya ma ta samu wuri a cikin shirin. Baƙi suka tafi, gine-gine suka tsaya a Yamai. Yaron Mayahi ko na Tanut ko na Buza bai ga abin da ya sauya a filin makarantarsu ba.

Labarin da ya fi nuna halin da muke ciki shi ne na Landan a 2012. Hamadou Djibo Issaka ya wakilci Nijar a tseren tuƙa jirgin ruwa bayan horon wata uku kacal. Shi ne na ƙarshe, da tazara mai yawa, amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen mita 2000, ƴan kallo suka miƙe suna yi masa tafi, jaridun duniya suka yi ta buga hotonsa. Ban ga laifinsa ba, ya nuna zuciya. Abin da ya dame ni shi ne mun saba da karɓar tafin tausayi. A tura mutum gasar duniya da horon wata uku, daidai yake da a tura yaro zana BEPC bayan ya yi wata uku a aji.

Alfaga a Rio

Taekwondo wasan Koriya ne na shuri da naushi, kuma ya shiga jerin wasannin da ake ba da lamba a Olamfik tun daga Sidni a 2000. Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda aka haifa a Disamban 1994, dogo ne da ya haura mita biyu, kuma a wasan da ƙafa ke kawo maki tsawo babban jari ne. Shi ya riƙe tutar Nijar a bikin buɗe wasannin Rio ta Brazil a 2016. A ranar 20 ga Agusta ya shiga ajin masu nauyin fiye da kilo 80, ya bi ta kan manyan da aka fi sa wa rai, ciki har da Dmitriy Shokin na Uzbekistan wanda yake riƙe da kambun duniya, har ya kai wasan ƙarshe. A agogonmu dare ya riga ya raba lokacin da ya kara da Radik Isaev na Azarbaijan. Isaev ya yi nasara, Alfaga ya dawo da azurfa. Shekara ɗaya bayan haka, a garin Muju na Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya. Ya sake wakiltar ƙasa a Tokyo da Faris.

A Rio ƙasashen Afirka lambobi biyar suka samu a taekwondo: Cheick Sallah Cissé na Kodebuwa ya ci zinariya da shurin daƙiƙar ƙarshe, ƴar ƙasarsu Ruth Gbagbi ta samu tagulla, Masar da Tunisiya kowace ta samu tagulla ɗaya, sai azurfar Nijar. Kamar dambe a zamanin Daboré, wasa ne da ɗaki ɗaya da malami ɗaya sun isa a fara shi.

Sai dai akwai abin da bai kamata murna ta rufe mana ido a kai ba. Horon da ya kai Alfaga wannan matsayi a Jamus ya same shi, a wata cibiyar taekwondo da ke garin Friedrichshafen. Hazaƙar tamu ce, amma a hannun wasu ta nuna. Bayan dawowarsa na ga yadda yara suka riƙa neman wurin koyon taekwondo, har a farfajiyar makarantarmu sai ka ga ƴan aji uku suna ɗaga ƙafa suna kiran sunansa. Sha'awa ta zo. Tambayar ita ce ko akwai matakalar da za ta ɗauki waɗannan yara, ko kuwa za mu sake jiran shekara 44.

Abin da wasu suka yi da abin da suke da shi

Lambobinmu biyu duka a wasan gaba da gaba aka same su, mutum da mutum. Ba na jin haɗuwa ce kawai. Mu mutane ne da suka tashi da kokowa da dambe da langa da sharo, muna girmama wanda ya tsaya a fage shi kaɗai. Akwai ƙasashen da suka ɗauki irin wannan gado suka gina gada daga shi zuwa Olamfik. Mongoliya ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar na yawan jama'armu ba, kuma kokowar gargajiya ce babban wasanta kamar mu. Yawancin lambobinta a kokowar zamani da judo da dambe ta same su, kuma wanda ya fara ciyo mata zinariya a Bejin a 2008, ɗan judo Tüvshinbayar, a kokowar gargajiya ya tashi. A kudancin Najeriya, jihar Bayelsa tana da tata kokowar ta gargajiya. Daga can Daniel Igali ya fito, wanda ya ci zinariya a Sidni da tutar Kanada, daga baya ya dawo gida ya riƙe ragamar wasan, kuma daga can Blessing Oborududu ta fito ta ci wa Najeriya azurfa a Tokyo.

Gadar ba ta gina kanta, domin dokokin sun bambanta. A tamu da zarar an yi kaye magana ta ƙare, kuma ba a raba ƴan wasa bisa nauyi a gasar takobi. A ta Olamfik ana raba su aji aji, ana lissafa maki, kuma faɗa yana ci gaba bayan an faɗi a kan katifa. Sarkin kokowa mai shekara 30 ba zai koyi wannan cikin wata shida ba, kuma ba shi da dalilin barin fagen da ke ba shi suna da abinci. Yaro mai shekara 12 ne zai iya koyon duka biyun. Yaro mai shekara 12 kuwa, a makaranta yake, ko kuma can ya kamata a same shi.

Ƙasashen da suka yi fice a gudu ma ta makaranta suka bi. Jamaika ba ta kai mutum miliyan uku ba, amma tun 1910 take gudanar da gasar guje-guje ta makarantun sakandare kowace shekara, kuma ta nan Usain Bolt ya biyo. A Kenya, wani malamin labarin ƙasa ɗan Ailan, Colm O'Connell, ya zo makarantar Saint Patrick da ke garin Iten a 1976 ba tare da ilmin horar da ƴan gudu ba. Ya koya yana koyarwa, kuma a hannunsa David Rudisha ya taso, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan. Malamin aji ne kamar ni da ku.

Abin da ya rage gare mu

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mun haura miliyan 17, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. A jadawalin makaranta akwai darasin motsa jiki, EPS, kuma akwai makarantar INJS a Yamai mai horar da malamansa. Amma kowa ya san abin da ke faruwa a ƙasa. A firamare, idan malami ya makara a lissafi ko Faransanci, lokacin EPS yake ɗauka ya cike gurbi. A kolej yara kan tuna da shi ne idan jarrabawar gudu da tsalle ta BEPC ta matso. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, filin da yara ke wasa a hankali aka yi ta cin sa da gine-gine da rumfunan ƴan kasuwa har ya rage wurin tara yara da safe kawai. Wasu uwaye kuma suna ganin duk yaron da ya so wasa ya kama hanyar lalacewa, ballantana ɗiya mace.

Na san abin da za a ce mini. Makarantar da ajinta na zana ne, yara 80 a ƙasa ba tebur, wasu ba su karya kumallo ba, ina ita ina maganar Olamfik? Maganar tana da nauyi, kuma ba na cewa a ɗauki kuɗin alli a sayi katifar kokowa. Amma langa ba ta cin ko dala. Tseren mita 100 yana buƙatar fili da igiya da agogon salula. Dogon tsalle yana buƙatar ramin yashi, yashi kuwa Allah ya hore mana. Kokowa tsakanin aji da aji, bisa shekaru da nauyi, ƙarƙashin idon malami da wani tsohon ɗan kokowa na gari, ba ta fi ƙarfin kowace makaranta ba. Abin da ake buƙata shi ne a riƙa yi kowace shekara a lokaci sananne, a rubuta sunaye da sakamako a littafi, makarantun da ke kusa su riƙa haɗuwa, wanda ya yi fice a san inda za a miƙa shi. Haka kokowa ta yi, mataki bisa mataki.

Kuma ribar ba ta tsaya ga lamba ba. Cikin yara dubu da za su yi gudu a filin makaranta, wataƙila ba ko ɗaya da zai je Olamfik. Amma na ga yaran da ba don wasan ranar Laraba ba da sun daɗe da barin makaranta, na ga masu rigima da suka koyi bin doka da karɓar kaye ba tare da faɗa ba, na ga yarinya mai kunyar magana a aji da ta fara ɗaga hannu bayan ta ci tsere. Ga uwaye, roƙona shi ne a bar yaro ya yi wasa bisa sharaɗin karatu, a tambayi malaminsa, a zo kallo ranar gasa. Ɗiya mace ma a ba ta dama, da sutura mai mutunci da malama mai kula da su. Ga ƴan uwana malamai, mu bar wa EPS lokacinsa, mu kare filin makaranta kamar yadda muke kare aji, kuma mu koya wa yara sunan Issaka Daboré tare da sauran sunayen tarihin ƙasa.

An tsaida Dakar ta Senegal a matsayin mai karɓar wasannin Olamfik na matasa a 2026, karo na farko da wata gasar Olamfik ta zo nahiyar Afirka, sannan manyan wasanni su biyo baya a Los Angeles a 2028 da Brisbane ta Ostareliya a 2032. Wanda zai iya ciyo mana lamba ta uku a Brisbane yanzu haka yana kolej ko lise a wani gari, ko yana zaune a bayan aji ba wanda ya taɓa auna gudunsa. Malaminsa ne mutum na farko da zai iya gano shi. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.